Ranar da Na Yi wa Ƙarangiya Noma

Ba za ni taɓa mantawa da Alhamis ɗin da aka yi mini kirari a gonar makarantarmu ba, ko da na tsufa har na fara kiran jikokina da sunan awaki. Lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare a Sabon Birni, wato bara (na ce "lokacin" ne don abin ya yi kama da tsohon labari, ko zuciyata ta ɗan yi sanyi).

Kafin zuwan Malam Nasiru, darasin aikin gona a wurinmu kwafar rubutu ne kawai. Malami ya cika allo, mu kwafe, ya goge, ya sake cikawa, har ƙurar alli ta mayar da 'yan bencin gaba tsofaffi. Gonar makaranta kuwa wurin horo ce. Ka makara, a miƙa maka kalme, wato fartanya ga waɗanda ba 'yan wajenmu ba, a ce je ka gona. Ranar kasuwa rabin aji ba ya zuwa. Wasu su bi yayyensu a babur zuwa Burkusuma, wasu su ce ciwon ciki, mu da muka zo kuma mu yi gasar hamma.

Sai ga Malam Nasiru, dogo siriri kamar karan dawa, da kekensa mai kuka. Satinsa na biyu ya shawo kan shugaban makaranta aka canza tsari. Daga ranar ba a sake hora kowa da noma ba. Ranar Alhamis babu zaman aji, kowane aji yana da filinsa a gona. Malamin lissafi ya fito da igiya muka auna filin, aka kafa gwangwani a kan turke don auna ruwan sama, 'yan mata suka samu wajen kuɓewa da gyaɗa. Abin da ya fi haukata mu shi ne da Malam ya ji cewa abokina Arzika ɗan gidan makaɗan noma ne, sai ya ce ya riƙa zuwa da gangar babansa. Makaranta da ganga. Wallahi har masu ciwon cikin nan duk suka warke. Akwai yaron da tun farkon zango ba mu gan shi ba, mun ɗauka ya koma Nijar, sai ga shi ranar Alhamis ya riga mai gadi zuwa.

To, ni fa? Babana ɗan kasuwa ne, yana kai atamfa da takalma Maraɗi, a shago na girma. Gidanmu yana jikin katangar makaranta, don haka ban taɓa makara ba, ban kuma taɓa riƙe kalme ba. Amma Allah ya ba ni baki. Na shaida wa duk ajin cewa kowane hutu ina Tsamaye wurin kakana, kuma ni kaɗai nake nome masa gonar da sai an hau rakumi ake ganin ƙarshenta. (Gaskiyar ita ce ina zuwa Tsamaye. Ina kwanciya a inuwar rumbu, kakata tana dama mini fura tana cewa kar rana ta taɓa ɗan birni.) Kuma a jarrabawa babu mai kama ƙafata. In na zana gero a takarda, kara ɗaya tsaye ƙyam da zangarniyarsa da sunan kowane sashe, har malamai suna zagayawa da littafina aji-aji.

Ranar shuka na ce a bar wa yara su koya, gwani ba ya ɓata ƙarfinsa a ɗan fili irin wannan. Na karɓi aikin duba gwangwanin ruwa. Kullum in zura rula, in ɗaga ta sama, in girgiza kai kamar likita.

Ana cikin wannan daɗi sai wasu iyaye suka kawo ƙara. Jagoransu Baba Nomau ne, shugaban ƙungiyar iyayen yara, wani tsohon manomi daga Unguwar Lalle wanda ko gaisuwa yake amsawa sai ka ji kamar faɗa ne. Muna leƙe ta taga muka ji yana ce wa shugaban makaranta, "Boko munka kawo ɗiyanmu su koya. In noma na, muna da shi gida, ba mu bukatar mai keke ya koya muna."

Shugaba ya roƙe su su zo Alhamis mai zuwa, ranar noman farko, su gani da idonsu. In abin bai gamshe su ba, shi ke nan, a koma aji. Malam Nasiru bai ɓoye mana ba. Ya ce, "Alhamis ɗinku tana hannunku. In ta tafi, allo yana nan yana jiranmu."

Aji ya rikice kamar an ce gobe jarrabawa. Sai Arzika ya miƙe, Allah ya saka masa, ya ce, "Malam, mi za mu ji tsoro? Ga gwanin Tsamaye muna da shi. A sa shi gaba, tsohon ga ya ga noma."

Aka ɗau tafi. A nan ne ya kamata in ce, jama'a ku yi haƙuri, fura kawai na iya sha. Kun san abin da na ce? Na ce a nemo mini kalmen da ya fi kowane girma.

Ranar ta zo. An jera wa iyaye bencina a inuwar dogon yaro can ƙarshen gona, inda layuka suke ƙarewa. Ina hango su sai na ga wata hula da na sani. Babana ne, jiya ya dawo daga Maraɗi. Da ya gan ni na naɗe wando har gwiwa, na ɗaure kai da ƙyalle, kalme a kafaɗa, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

Aka ba ni layin gefe. Na duƙa na duba ƙasa. Komai kore ne. Babu zangarniya, babu sunan sashe a rubuce, babu komai. Iri biyu dai na gani. Akwai wasu tsire-tsire da suka cunkushe wuri ɗaya, goma ko fiye a rami guda, suna matse juna kamar fasinjojin motar kasuwa. Akwai kuma wasu ɗai-ɗai a tsakani, kowane ya baje ganyensa cikin natsuwa da mutunci. Sai na yi amfani da ilimi. Geron littafina shi kaɗai yake tsayawa. Abin da ya taru ya yi cunkoso babu tsari kuwa, ai ciyawa ce. (Ban san cewa manomi da yatsu yake ɗibar iri ya zuba a rami, su fito tare, sai daga baya a rage su ba. Ranar da aka yi wannan ina can ina girgiza wa gwangwani kai.)

Arzika ya saki ganga. Na ɗaga kalme na sare cunkoson farko. Taku ɗaya, ga wani. Na sare. Taku ɗaya, ga wani kuma, a jere reras kamar an auna. Har na ce a raina, ashe ciyawar ma ta san layi, amma mutane suke ta kukan noma da wuya? Su kuma tsirran nan masu mutunci, duk wanda na wuce sai in tara masa ƙasa a gindi, in ɗan daddanna da ƙafa don ya ji daɗi.

Na waiga sau ɗaya, na ga 'yan ajinmu can baya sun duƙufa, suna ta kewaya kalme a hankali kamar masu yi wa jariri aski. Tausayinsu ya kama ni.

Daga nesa Arzika ba ya ganin abin da nake sarewa, ƙura kawai yake gani. Sai ya canza kiɗa ya fara kirari: "Na Tsamaye, ba ka gaisawa da rana. Kalme ya gaji, kai ba ka gaji ba. Ɗan Alhaji, bar su da kallon ƙeya." Jama'a, duk wanda bai taɓa jin sunan garin kakansa a bakin ganga ba, kar ya yi mini dariya. Kaina ya kumbura har ƙyallen ya matse ni. Na gama layi na farko, na faɗa na biyu ba wanda ya sa ni, na juyo na kama na uku. 'Yan mata suka bar kuɓewarsu suka zo suna guɗa. Da na iso gaban iyaye a ƙarshen layi na uku, sauran ko rabin na farko ba su kai ba. Na ɗaga kalme sama da hannu biyu, na yi juyi, na yi wata 'yar rawa da har yau ban san inda na koyo ta ba.

Baba Nomau bai yi tafi ba. Ya tashi, ya saɓa sandarsa, ya shiga layina. Ya yi taku uku ya tsaya. Ya yi biyar ya sake tsayawa. Ya duƙa ya ɗauko wani abu, sannan ya yafito ni. Ganga ta yi ƙasa-ƙasa ta mutu.

"Yaro, taho. Mi an nan?" Ya nuna mini cunkoson da na sare, saiwoyinsa a sama.

Na ce, "Haki na, Baba." Wato ciyawa.

"To. Wanga hwa, da ka tara ma ƙasa?"

Na ce, "Hatsi na." Har da murmushi, don Allah ku ji.

Ya kalle ni sama da ƙasa. Sannan ya juya wajen iyaye ya ce, "Tun ban kai yaron ga ba nike yaƙi da ƙarangiya. Ta ci ƙahwahuna, ta ci riguna. Yau Allah ya nuna mani wanda yay yi mata noma, har da gyaran gindi."

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Wani dattijo ya faɗo daga benci. Malamin lissafi ya rungume bishiyar dogon yaro. Arzika ya kifa kai a kan ganga, kafaɗunsa suna rawa. Babana kuwa ya ciro waya ya kara a kunne, alhali kowa ya san wajen nan babu sabis. Layi uku na gero, na kashe su tas, na bar ƙarangiya tsaye cikin gata.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba, Malam Nasiru. Da na ga fuskarsa sai na manta da tawa kunyar. Na kashe gero, na kashe Alhamis, na mayar da yara sama da ɗari gaban allo.

Baba Nomau ya tambaye shi, "Malam, wanga shi na daƙiƙin ajin?"

Malam ya ce, "A'a, Baba. Shi ne ya zo na ɗaya a aikin gona."

Aka kawo littafina, tsoho ya kalli geron nan nawa mai zangarniya, ya kalli gawarwakin da ke ƙasa. Sai ya ɗaga murya ya ce duk yaron da shi ma da an ba shi layin nan ba zai bambance ba, ya ɗaga hannu tsakaninsa da Allah. Can sai hannu ɗaya ya tashi, na monita. Sai na biyu. Kafin a jima hannaye sun kai goma sha, har da jikan Baba Nomau ɗin kansa. Ba abin mamaki ba ne, shekarun nan gonakin nesa ba kowa ke kai yaransa ba, saboda 'yan bindiga.

Tsoho ya kalli jikan nasa. Sannan ya ce wa shugaban makaranta, "Na janye maganata. Ashe ba mu da shi gida kamar yadda nike zato. Alhamis guda ma ba ta isa, ku ƙara da Talata. Ni da kaina za ni riƙa zuwa." Ya nuna ni da sanda. "Wanga kuma, randa anka yi ruwa, shi za ya dashe layukan ga ukku, ina tsaye."

Babana ya sauke wayar da ba kowa a cikinta ya ce, "Baba, in akwai Asabar ma a ba shi."

Haka aka yi. Da aka yi ruwa na bi layukan abokaina ina roƙon geron da suka rage, na dasa ɗaya bayan ɗaya, Baba Nomau yana bayana yana cewa "ba haka ba" har sai da na fara jin ta a mafarki. Gerona ya fito gajere, duk gonar ya fi kowane ƙanƙanta, amma ya yi zangarniya, kuma na san kowane kara da kamanninsa. Yanzu makarantarmu kwana biyu ake fita gona, kuma in aka tambayi yara wa ya jawo, sai su nuna ni su ce Sarkin Noman Ƙarangiya. Ina amsawa, tunda sarauta ce.

Abin da na koya dai shi ne, in ka ga ka tsere wa kowa da nisa a aikin da ba ka taɓa yi ba, kuma ana ta yi maka kiɗa, ɗan tsaya ka waiwaya ka ga abin da kake sarewa.