Ranar da Sallau Tela Bai Ga Ƙarshen Shiri Ba

Wani mutum ne a Funtuwa, ana ce masa Sallau Tela. Ɗinkinsa dai ba laifi, in ka taki sa'a hannun rigarka na dama zai yi tsawo ɗaya da na hagu. Amma fa baki, nan Allah ya yi masa baiwa. Duk abin da ya faru a duniya Sallau ya san wanda ya yi shi, kuma sai da aka shawarce shi kafin a yi.

To akwai wani shiri mai dogon zango da ake nunawa a talabijin duk Lahadi bayan magariba, sunansa "Wa Ya Kashe Sarkin Kasuwa?" Tun a fitowa ta farko aka tsinci motar Sarkin Kasuwa a ƙarƙashin gada ta ƙone ƙurmus, aka ɗora wani Sufeto a kan bincike. Shekara shida cur Sufeton nan yana bincike. Waɗanda aka ɗaura wa aure lokacin da aka fara shirin har sun kai 'ya'yansu makaranta, shi kuwa Sufeto yana nan yana leƙa ƙarƙashin gado yana shafa gemu. Amma mutane ba su gaji ba. Ranar Lahadi ko ɓarawo ka kama, sai dai ka zaunar da shi ku gama kallo tukuna.

A nan Sallau ya samu abin yi. Wata safiya a teburin Mudi mai shayi ana ta musu a kan shirin, sai ya kurɓi shayi ya ce, "Ku dai kuna wahalar da kanku. Marubucin ai aminina ne."

Kowa ya juyo ya dube shi.

"Ba ya ɗora biro a takarda sai ya kira ni," in ji Sallau. "Wani lokacin ma har damuna yake yi."

Daga ranar darajar Sallau ta tashi. Kujera ɗaya ce mai jingina a wurin Mudi, ta zama tasa. Mutane suka riƙa kai masa ɗinki, ba don kyan ɗinkin ba, sai don ko bakinsa zai suɓuce. Duk abin da ya faru a shirin, Litinin da safe sai ya gyaɗa kai ya ce, "Ai ni na ce masa ya yi haka." In aka tambaye shi wa ya yi kisan, sai ya ɗaga yatsa sama. "An rantsar da ni."

Ana nan sai gidan talabijin ya sanar cewa Lahadi mai zuwa za a nuna fitowa ta ƙarshe, za a fallasa mai kisan. Gari ya ɗauka. A teburin shayi Malam Hashimu, wani tsohon malamin firamare da bai cika magana ba, ya dubi Sallau ta saman tabarau ya ce, "Tela, tunda an zo ƙarshe, ai rantsuwa ta kusa warwarewa. Ka gaya wa ko mutum ɗaya ne sunan kafin Lahadi, don ya zama shaida."

Kowa ya ce, "Gaskiya ne!"

Sallau ya ga an ritsa shi. Amma ya murmusa ya ce zai duba.

Ya koma shago ya kasa taka keke. Can dabara ta faɗo masa, har ya tafa hannu shi kaɗai. Mutum uku ake zargi a shirin: direban mamacin, da ƙaninsa mai kwaɗayin gado, da likitan gidan. To me zai hana ya raba su?

Ranar Alhamis ya ja Mudi mai shayi bayan rumfa ya raɗa masa, "Direban ne. Amma ko matarka kada ta ji." Ranar Juma'a ya tsaya wurin Ilu mai faci kamar zai sa wa kekensa iska, ya ce, "Ƙanin ne. Kai kaɗai na gaya wa a duk faɗin garin nan." Ranar Asabar ya bi Malam Hashimu har ƙofar gida. "Malam, don girmanka ne. Likitan ne."

Lissafinsa mai sauƙi ne. Dole ɗaya ya faɗa daidai, wannan shi ne shaidarsa. Sauran biyun kuma sai ya ce gwada su ya yi, ya ga ko suna riƙe sirri.

Lahadi ta zo. Duk majalisar ta shirya haɗuwa a gidan kallo na bakin tasha, inda akwai babban janareta. Ilu ya ce, "Tela, mu je mana."

Sallau ya taɓe baki. "In je in ga me? Abin da na sani tun bara? Ku je ku sha mamakinku, ni kwanciyata zan yi."

Gaskiyar magana, tsoro yake kada fuskarsa ta tona shi a cikin jama'a. Ya fi so ya kalla shi kaɗai a gida, ya shirya bakinsa kafin safiya. Matarsa Hajara ta tafi Malumfashi suna, gidan ba kowa. Ya idar da sallah, ya kunna talabijin, ya miƙe ƙafa. Kiɗan farkon shiri ya tashi ke nan, sai ɗif! Aka ɗauke wuta.

Sallau ya yi wuf ya nufi ɗan janaretansa. Ya ja igiya, janareta ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ya sake ja. Ya yi masa addu'a, ya zage shi, ya harbe shi da ƙafa. A ja na goma sha wani abu igiyar ta tsinke a hannunsa, ya tafi da baya tim cikin bahon wanki. Ya tashi sharkaf ya lalubo waya. Yana dannawa ta yi ƙyaf-ƙyaf ta mutu, ba caji.

Can daga bakin tasha sai ya ji ihu ya tashi, "Kaaai!" Sai salati. Sai kuma hayaniya kamar an kama kwarto. Sallau ya zura takalmi ya yi waje, har ya kai zaure sai ya ja birki. In ya je, ya ce ya zo yin me? In ya tambayi maƙwabci, ya tambaye shi a matsayin wa? A duk Funtuwa mutum ɗaya ne bai san wa ya kashe Sarkin Kasuwa ba, kuma shi kaɗai ne ba shi da damar tambaya.

Da safe ya fito yana tafiya a hankali, kunne a buɗe. Ya wuce wasu mata biyu a bakin famfo. Ɗaya tana cewa, "Ni wallahi kuka na yi." Ɗayar ta ce, "Kuka? Ni ƙiris ya rage in rotsa talabijin da muciya." Ya rage sauri, ya duƙa kamar yana gyara takalmi. Suka koma zancen tsadar manja.

Abin da Sallau bai sani ba shi ne, tun jiya da aka tashi daga kallo Mudi ya kasa haƙuri ya ce, "Amma Tela ya cuce ni, direba ya ce mini." Ilu ya zabura, "Direba? Ni ƙani ya ce!" Malam Hashimu ya cire tabarau ya goge, ya ce, "Ni kuma likita aka ba ni." Da suka bi ta layin su Sallau wajen dawowa, sai Ilu ya lura gidan baƙi ƙirin yake, ko ƙarar janareta babu. Malam Hashimu ya ce, "To ku bar mini shi. Gobe kowa ya kama bakinsa."

Sallau ya iso teburin ya tarar da shi cike maƙil, har da waɗanda ba su taɓa shan shayin Mudi ba. A gefe Yaya Kande, yayar matarsa, tana suyar ƙosai kamar kullum. Ya gaishe ta, ya zauna a kujerarsa mai jingina.

"Shekara shida!" wani direban tasi yake cewa yana dukan tebur. "Shekara shida ina ajiye mota ranar Lahadi, a ƙarshe a yi mini wannan rainin hankali?"

Wani ɗan kasuwa ya ce, "Kai dai ba ka gane ba ne. Wannan shi ne basira. Ni har yanzu tsigar jikina tashi take."

"Basirar banza! Mahaifiyata cewa ta yi a mayar mata da hawayenta."

Sallau yana jin su yana juya cokali, yana jiran wani ya ambaci suna. Ba wanda ya ambata. Sai ya jefa ƙugiya. "To, yaya kuka ga aikin namu?"

Malam Hashimu ya girgiza kai. "Tela, kun shammace mu. Wa zai taɓa zaton Sufeton da kansa ne ya yi kisan?"

Sallau ya saki cokali. Sufeto! Duk ukun nasa sun faɗi. Amma kafin ƙiftawar ido ya farfaɗo, ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya.

"Sufeto mana! Wa kuke zato da? Ni na kawo wannan shawarar. Na ce masa, ka ɗora wa wanda ba wanda zai zarga."

Mudi ya ce, "Amma ni direba ka ce mini."

"Ni ƙani," in ji Ilu.

"Gwada ku na yi," in ji Sallau ba ko gezau. "Ga shi kuwa kun faɗi, tunda har kun gaya wa juna. Da na ba ku na gaskiyan, da tun Juma'a an ji shi a Gusau."

Malam Hashimu ya ce, "Wurin da aka sa masa ankwa ya fi taɓa ni."

"Ai nan ne muka fi shan wahala," in ji Sallau. Ya gyara zama. "Shi marubucin cewa ya yi a harbe shi. Na ce a'a, a sa masa ankwa, ya juyo ya dubi jama'a, hawaye ya gangaro ta ido ɗaya. Kun lura da hawayen?"

"Ta wane ido?" in ji Ilu.

"Na hagu."

Wani ya fesar da shayin da ke bakinsa. Direban tasin ya kifa kai a tebur, kafaɗunsa na rawa. Sallau ya duba hagu ya duba dama, ya ga kowa na cije leɓe.

Malam Hashimu ya ce a natse, "Tela, ba a kama Sufeto ba. Ba a kama kowa ba. Sarkin Kasuwa bai mutu ba. Shi ya ƙona motarsa da kansa, ya naɗa rawani ya rufe fuska, ya zama mai gadin gidansa shekara shida don ya ga masu ƙaunarsa. Abin da ya sa rabin gari ke zage-zage ke nan."

Dariya ta fashe kamar an kwance buhu. Har masu babur suka tsaya.

Da wani mutum ne, da tuni ya sulale. Ban da Sallau. Ya miƙe tsaye, gumi na bin wuyansa, ya ɗaga murya. "To ashe ya canza! Wallahi sai ya gamu da ni! Mun gama magana a kan Sufeto, ya je ya saurari 'yan hassada!"

"Yaushe kuka gama maganar?" in ji Malam Hashimu.

"Watan jiya, da na je Kano sayen zare! Kwana biyu na yi, a ɗakinsa na sauka. Katifa ɗaya muka kwana, ni da shi, muna tsara ƙarshen nan har asuba. Da safe da hannunsa ya haɗa mini ruwan wanka!"

"Katifa ɗaya?"

"Katifa ɗaya, bargo ɗaya!"

Malam Hashimu ya miƙa wa Ilu hannu, Ilu ya ba shi waya. "Jiya bayan an gama shirin, sun kawo wanda ya rubuta shi don ya yi wa masu kallo godiya. Ilu ya ɗauka a waya. Ga aminin naka."

Sallau ya karɓa ya duba. Wata Hajiya ce fara, 'yar duma-duma, da mayafi ruwan goro da zoben gwal, tana murmushi tana cewa ta gode wa maigidanta da ya yi haƙuri da ita shekara shida tana rubutu.

Bakin Sallau ya buɗe, ya kasa rufuwa.

Sai ga Yaya Kande ta tsame ƙosai, ta ajiye matsami, ta share hannu da zani. Ta zaro 'yar wayarta daga lalita tana lalubar lamba.

Sallau ya ce da ƙaramar murya, "Yaya, wa za ki kira?"

Ta ce, "Hajara mana. Ai gara ta ji daga bakina irin zaren da kake zuwa saye Kano."