Ga Alƙalin da Ya Ce Tauraron Babana Ya Karkace

Dauphin, Manitoba
Nuwamba, 1999

Zuwa ga Mai Girma Babban Alƙalin Gasar Ƙananan Motocin Yaƙi ta Lardi, masanin fenti, ma'abocin rula da tocila, Mista Desmond Ferriby,

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da matsayinka, da fatan ka koma gida lafiya duk da ƙanƙarar da ta sauka ranar Asabar, ni ne Myron Hawryluk, mai tebur na goma sha huɗu, wanda ke jikin ƙofar banɗaki. Shekara ashirin da shida ke nan ina haɗa ƙananan motocin roba a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidana. Ban taɓa cin kofi ba, ban kuma taɓa ƙorafi ba, don na san iyakar hannuna. Yau ma ba kofi ya sa na ɗauki biro ba.

Abin da na kawo bana motar ɗaukar kaya ce ta sojan Kanada, ɗaya cikin talatin da biyar na girmanta, irin wadda mahaifina Stefan ya tuƙa a Italiya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ba irinta kaɗai ba, ita ce. Ka cire ta daga gasa, ka ajiye mata jar takarda mai cewa "Ba ta dace da tarihi ba." Tsohon nan mai shekara saba'in da takwas da ke zaune a gefenta kan kujerar ƙarfe yana kurɓar gahawa, shi ne direban. Ina roƙon izininka in kawo 'yan damuwoyina.

Na ɗaya, launi. Ranka ya daɗe, ka zaro ɗan katin launi daga aljihu, a naɗe cikin leda don kada haske ya ɓata shi, ka kara a jikin motar, ka ce ta fi ƙa'ida ja da rabin mataki. Ban musa ba. Baba ne ya haɗa fentin nan da kansa a murfin kwalba, kwana uku yana ƙarawa yana ragewa, har ya ture murfin ya ce, "To, haka take." A cewarsa, can sun sirka fenti da fetur ne, suka shafa da tsintsiya da tsohuwar singileti, ruwan sama ya ƙarasa musu aikin. Shin sajan nasu mantawa ya yi bai raba musu katin ba? Idan haka ne, a madadin rundunar gaba ɗaya ina ba ka haƙuri.

Na biyu, tauraro. Ka ɗora rula a kan farin tauraron da ke saman motar, ka sanar da cewa ya karkace da digiri tara. A nan ne Baba ya ajiye gahawarsa. Kunnensa ya yi nauyi, shi ya sa muryarsa ta kai har teburin masu jiragen sama.

"Ɗan nan, ai da gangan muka karkata shi," in ji shi. "An ce mu zana don kada jiragenmu su sako mana bom. Muka ce wannan ai tauraron Amurkawa ne. Umarni ya ce a zana, bai ce ya miƙe ba."

Ka yi murmushi mai kyau, ka ce, "Labari mai daɗi, Baba. Akwai hoto?"

Ya ce, "Hoto? Da wane hannun? Duka biyun suna kan sitiyari."

Sai ka karanto mana doka ta bakwai, wadda ta ce hujja ita ce hoto ko bugaggen littafi. Na fahimta. Mutumin da ya riƙe burushin ba hujja ba ne sai an buga shi. Muna dai da hoton asibiti na ɓarɓashin ƙarfen da ke ƙugunsa har yau. Baƙi da fari ne, kamar yadda kwamitinka ya fi so. Ko zai shiga?

Na uku, taɓo. Ka rubuta cewa ya yi yawa, ya rufe kusoshin taya, alƙali ba ya iya ƙirga su. Na isar wa Baba. Ya ce shi ma ya kai wannan ƙorafin ga hukuma a lokacin, har yau ba a ba shi amsa ba.

Na huɗu, ina taya mai tebur na biyu murnar lashe kofi. Tankar yaƙinsa ta cancanta. Launinta daidai, lambobinta daidai, jan tambarin runduna mai ganyen zinariya yana zaune inda littafi ya ce. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya tambaye ni ko ta janar ce, don bai taɓa ganin mota mai tsabta haka ba sai ranar da manya za su zo duba fareti.

Na biyar, sunan da ke jikin ƙofa. Ka nuna shi da bakin biro ka ce rubutu ne marar izini, babu shi a kowane kundi. Gaskiyarka. Odile sunan matar Gus Lavallee ne, abokin tuƙin Baba, mai kamun kifi daga bakin tafki. Shi ya rubuta shi a ƙofar ɓangarensa. Shekarata hamsin da ɗaya, ban taɓa jin sunan Gus a gidanmu ba sai a bazarar nan. Mahaifiyata ta rasu ba ta ji ba. Ina riƙe da burushi mai gashi uku, Baba yana tsaye a kaina, sai ya ce, "Rubuta Odile a nan. A'a, yi ƙasa kaɗan. Gus gajere ne." Daga nan ya fara magana, bai tsaya ba sai da matata ta kira mu cin abinci sau uku.

Na shida, kuma a nan nake roƙon ka ɗan ajiye tocilar. Daga Winnipeg, inda aka yi gasar, zuwa gida tafiyar awa huɗu ce. Muna wuce garin Neepawa sai Baba ya juyo gare ni. Ƙaramar motar tana kan cinyarsa cikin kwalin takalmi.

"Myron," ya ce, "ƙila mutumin nan ya fi ni gaskiya."

Na ce, "Haba Baba, kai fa ka tuƙa ta."

Ya ce, "Shi yana da littafi."

Ranka ya daɗe, ba ka da hanyar sanin abin da likita ya gaya mana a watan Afrilu, cewa ciwon mantuwa ya kama Baba. Baba yana barin murhu a kunne. Yana kiran matata da sunan mahaifiyata. Ran nan ya tsaya a gaban gidan waya ya rasa ta ina gida yake. Amma motar nan, ko ka tashe shi daga barci zai gaya maka wace taya ke sacewa. Ita ce abu ɗaya da bai taɓa tambayata a kai ba. Yanzu kullum da safe sai ya ce, "Ƙasa-ƙasa ce ko kore?" Ranar Litinin ya miƙo mini auduga ya ce in goge sunan, wai tunda ba ya cikin kundi, ƙila shi ya ƙirƙira. Ban goge ba. Ina fatan wannan bai saɓa wa wata dokar ba.

Saboda haka buƙatata ɗaya ce, kuma ƙarama. Tunda ɗakin karatunka ya fi waɗanda suka je yaƙin sanin abin da ya faru, ina roƙon ka duba mana wani batu. Baba yana iƙirarin cewa a watan Disambar 1943, a wata hanya mai gangarawa kogi, harsashin igwa ya faɗo gefen hagu na motar, inda Gus yake zaune. Yana cewa bayansa akwai motoci talatin, hanyar kuwa ba ta da wurin tsayawa, don haka ya ci gaba da tuƙi mil goma sha ɗaya, kan Gus yana kan kafaɗarsa, yana yi masa hira duk da ya san ba ya ji. Wannan ma babu hoto.

Idan littafinka ya nuna hakan bai dace da tarihi ba, don Allah kada ka jinkirta. Aiko da jar takardar ta gidan waya. Gyara ne da Baba zai karɓa hannu biyu, kuma ni da kaina zan karanta masa da ƙarfi, yadda zai ji.

Ina mai sunkuyar da kai ga iliminka, ina kuma yi wa katin launinka fatan tsawon rai a cikin ledarsa.

Naka mai biyayya a kowane lokaci,

Myron Hawryluk
Ɗan direba