Yadda Na Kusa Sa A Kori Baba Isufu Saboda Cajar Motar Golf

Har gobe ba zan taɓa mantawa da makonni ukun farko da na yi a gonar dawakin nan ta Summerfield ba. Lokacin shekarar 1996 ce, maigidana yana karatu a jami'a, ni kuma ina goyon Amina. Baba Isufu, wani dattijo mutumin Maraɗi da ke kula da injinan gonar, shi ya roƙi Madam mai wurin ta ɗauke ni shara da goge-goge.

Akwai wata 'yar motar golf, irin ƙananan nan na filin wasan golf, da ake kwasar abincin dawaki da ita. Ba ta shan mai, batir shida ne a ƙarƙashin kujerarta. Kullum da yamma Baba zai jona mata caja a rumfa ya tafi. Ni ce ta ƙarshen tashi, don sai maigida ya fito aji yake zuwa ɗaukata.

To cajar nan gurnani take yi, kuma in ka taɓa ta da ɗumi. Ga busasshiyar ciyawa jibge a gefenta. Ni kuwa a gidanmu a Zariya an taɓa kawo wuta da ƙarfi ta ƙone mana rediyo har labule ya kama, tun ranar Inna ba ta barin komai a jone. Sai na riƙa zare fulogin daga bango kafin in tafi, da safe in riga kowa zuwa in mayar. (Har daɗi nake ji wai ina tsare wa mutane dukiya ba tare da na yi surutu ba.)

Mota ta fara mutuwa a tsakiyar fili. Baba ya ɗaga kujera ya duba ruwan batir, ya ƙara. Ya kankare farin garin da ke kan wayoyin, ya ɗaure su tam. Washegari ta sake tsayawa, na hango shi yana tura ta, hularsa a hannu.

"Ɗiyata, wagga mota ta gagare ni," ya ce. "Da sahe ina iske ta a jone, allurar caja tana sama, mota na ta jan wuta kamar ba ta ci komi ba. Madam ta ce in ban iya ba ta nemo wani."

In aka kori Baba, da wane ido zan kalli matarsa, wadda ta yi mini wankan jego? Na dinga yi masa addu'a bayan kowace salla. (Ina addu'ar, ina zare fulogin. Wallahi ko sau ɗaya ban haɗa biyun ba.)

Ranar Alhamis Madam ta kira wani makanike Bature. Ya auna batiran ɗaya bayan ɗaya da mita, ya buɗe cajar, ya ce lafiyarsu ƙalau. Ya jona da hannunsa, ya ce a bar ta ta kwana, in da safe ba ta cika ba to mai kula da ita ne matsalar. Baba ya sunkuyar da kai.

Suna tsaye su uku sai na ji hon ɗin maigida. Na gyara goyon Amina, na ratsa ta gabansu, na yi musu sannu, na duƙa na zare fulogin kamar kullum.

Gurnanin ya ɗauke. Na ɗago na ga idanu shida a kaina.

"Ɗiyata," Baba ya ce a hankali, "tun yaushe kike yin haka?"

"Tun ran da na fara aiki, Baba. Saboda gobara."

"Sati ukku ke nan."

"Amma ina mayarwa da safe."

"Na sani," ya ce. "Shi ya sa na kusa haukacewa."

Shi aka sa ya fassara wa Madam da Turanci, ni ina tsaye da fulogi a hannu, na rasa inda zan ajiye shi. Makaniken ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Madam ta daɗe tana kallona, sannan ta je ta riƙe hannun Baba ta ba shi haƙuri. Ni kuma aka mayar da ni wankin bargunan dawaki, can ƙarshen gona inda babu soket ko ɗaya.

Tun daga nan, in na ga ana neman wanda ya ɓata abu, kafin in fara tausaya wa wanda ake zargi sai na tsaya na tambayi kaina wane taimako na yi a wurin kwanan nan.