Yadda Injiniya Ya Faɗaɗa wa Surukinsa Kwamfuta

In ana maganar kwamfuta a layinmu, kowa ya kama bakinsa, Injiniya zai yi jawabi. Shi ya raɗa wa kansa sunan, shi ya buga a kati, ya ƙara da "Ƙwararre" a ƙasa don kada wani ya yi shakka. Kwas ɗin sati shida ya yi, amma in yana ba da labari sai ka rantse sai da aka nemi shawararsa kafin a ƙera na'urar.

To, surukinsa tsohon malamin makaranta ne, shekara goma sha ɗaya yana rubuta tarihin koyarwarsa. Kwamfutarsa ta fara kukan rashin wuri. Rumbunta kashi biyu ne: ɓangaren C mai ɗauke da manhajoji ya cika maƙil, ɓangaren D inda littafin yake kuwa fili fetal. Tsoho ya roƙi a haɗe su, amma don Allah ko wasali kada ya ɓace.

Injiniya ya iso falo da jaka da tabarau, ya naɗe hannun riga. Matarsa ta miƙo filasha, ta ce a fara kwafe littafin Baba a ciki. Ya dube ta da tausayi.

"Filasha ta 'yan koyo ce," in ji shi. "Baba, ku kwantar da hankalinku. Ni aikina da tsari yake."

Tsari kuwa an gan shi. Ya buɗe sabuwar folda, ya sa mata suna Ajiya Ta Musamman, ya kwafe littafin a ciki har sau uku, yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya shaida. Abu ɗaya ne gwanin bai duba ba: a cikin D ya buɗe foldar, D ɗin da dole a goge kafin C ya samu fili.

Kwamfuta ta yi gargaɗi cewa komai zai tafi. Ya ce ai haka take, tsoro ya yi mata yawa, ya danna.

Aiki ya yi kyau, gaskiya. C ya faɗaɗa, manhajoji duk suna nan lafiya lau. Tsoho ya gyara zama, ya ce a buɗe masa babi na ɗaya. Injiniya ya nema, ya sake nema, gumi ya karyo masa. Tsoho bai yi faɗa ba. Can ya nisa.

"Ba komai, ɗana. Abin da na tuna zan faɗa, kai ka buga."

Yau wata huɗu ke nan, duk Asabar Ƙwararre na durƙushe a falon yana ɗaukar shifta. A nan ne mutanen gida suka gano ashe da yatsa biyu yake bugu. Suna shafi na tara.