Lambar da Ta Fito Daga Birkin Ungozoma

"Ina gajiya, ɗan goggo? Aje shayin nan ka taso, yau ba ta wasa ba ce."

Ungozoma ce ta faɗi haka tun ba ta kashe mota ba. Mai Wayarin, ɗan ƙanwar babanta mai gyaran wutar mota, yana zaune a kan tsohon batir a bakin gareji. Tun suna yara ba su taɓa haɗuwa sun rabu ba tare da an yi wa wani tsiya ba. Yau kuwa ba tsiya ce ta kawo ta ba. Da safe ta kai motar ofishin duba motoci, jami'in ya jona na'urarsa, ya ce lambar shasi da ke takarda daban, wadda motar ta faɗa daban. Ya ba ta zuwa ƙarfe biyu ta kawo bayani, in ba haka ba a riƙe motar a matsayin ta sata.

Da ya gama ji sai ya tafa hannu. "Allahu akbar! Rana dubu ta ɓarawo! 'Yar kawu, ashe bayan jarirai har motoci kike karɓa?"

"Allah ya shirye ka. Mata uku ke cikin watan haihuwarsu a ƙauyukan da nake zuwa. In aka riƙe motar nan, a bayanka zan je?"

"Ni bayana ba ya ɗaukar kayan sata."

Ya ɗauko na'urarsa ya jona a ƙarƙashin sitiyari. Ya ce ta karanto masa lambar da ke gindin gilashin gaba. Ta karanta haruffa da lambobi goma sha bakwai, har sau biyu tana komawa farko.

"Ke da kike yanke cibiya ko gezau, lamba ce ke kaɗa miki hanta? To saurara. Mota ba ƙwaƙwalwa ɗaya gare ta ba, ba kamar ke ba da ko ɗayar ma ana tababa. Inji da tasa, giya da tata, birki da tasa. Kowacce an rubuta mata lambar motar. Yanzu zan tambaye su ɗaya bayan ɗaya."

"Tambaye su da sauri, sha biyu ta wuce."

"Ta inji ta ce ke ce uwar gijiyarta. Ta giya ma haka. Kai, har da masu yi miki shaidar zur."

Ta ɗan saki numfashi, amma idonta na kan allon na'urar. Ta tuna yadda mutanen layi suka juyo suna kallonta a ofishin, har da wata da ta taɓa karɓar haihuwarta. Kunyar nan ta fi tsoron ci mata rai.

"Yauwa, ga ɓarawon!" in ji shi. "Ta birki ce. Lambar wata mota ce a cikinta. Wani jakin makaniki ya ciro ta daga motar da ta yi haɗari ya ɗaura miki, bai rubuta mata lambarki ba. Irin waɗannan ai kamata ya yi a ƙwace musu sufana a ba su tsintsiya. Faɗa mini sunansa in je in ci masa mutunci."

Ya buɗe bonet ya leƙa da tocila, ya goge maiƙon da ke jikin ƙwaƙwalwar birkin da babban yatsa. Sai surutun ya tsaya cak.

Ungozoma ta san shi sarai, ko liman bai isa ya sa shi shiru ba. Ta matso ta leƙa. Ɗigo uku na jan fenti ne a jere a jikinta. Ta ɗaga kai ta dubi kantar garejin, duk wani tsohon kayan mota da ke kai da ɗigo ukun nan a jikinsa.

"Ɗan goggo, bara da birkina ya lalace na bar motar kwana biyu, wa na bar wa?"

"Fenti ai kowa na saye."

"Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Jakin makanikin nan, in kira maka shi, ko ka duba madubin gefe?"

"Ranar wuta aka ɗauke ina tsakar aiki, na ce gobe na rubuta lambar..."

"Laifi tudu ne! Goge mini baƙuwar lambar yanzun nan."

A nan ya bar wasa. "A'a. In na goge yanzu, sai su ce mun ɓoye wani abu. Rasit ɗin inda na sayo ƙwaƙwalwar yana nan, da lambar waccan motar a kai. A gaban jami'in zan gyara, ya gani da idonsa."

Ya shiga ciki ya yi ta tonon wani gwangwani, ita kuwa tana duban agogo, har ya fito da wata takarda duk maiƙo. Suka gwada da allon harafi bayan harafi, ta yi daidai. Sai a lokacin ta zauna a kan batir tana share ido da bakin mayafi.

Ya ja ƙofar gareji ya datse da kwaɗo.

"Me za ka ce masa?"

"Zan ce motar taki ce, aikin banzan nawa ne."

"A gaban mutanen layi. Da ƙarfi."

Ya yi dariya, ya buɗe mata ƙofar direba. "Da ƙarfi, ranki ya daɗe. Yau kin ci. Amma don Allah kar goggonki ta ji."

"Ita zan fara kira."