Ranar da na cinye abincin ɗana

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na kai ɗana Khalil wajen binciken cin abincin yara. Maƙwabciyata ce a garin Mansura, Anti Rabi, take binciken don digirinta na uku, tana neman uwaye masu 'yan shekara biyu. Da sauri na amsa, don ina son sanin abin da ke damun yaron nan. Khalil ba ya ci. Da na ɗauko cokali sai ya datse baki kamar na zo da allura, har na fara tunanin ko ni ce ba ya so. (Amma a takardar tambayoyi na rubuta "yana ci sosai". Allah Ya yafe mini.)

Aka sa mu a wani ɗaki, aka ajiye shinkafa da karas da 'yan yankan kaza, aka ce za a auna abin da ya rage. Anti Rabi ta ja ƙofa ta fita.

Na yi lallashi, na yi waƙa, na mai da cokali jirgin sama. Ko kallo ban ishe shi ba.

"Yalla, maza Khalil, ka rufa mini asiri!"

Ya kau da kai. Na dubi ƙofa, na dubi faranti, na ajiye cokali na sa hannu. Loma ɗaya, biyu... kazar ma ta ji haɗi.

Da ta dawo na ce, "Kin gani, Anti? Tas!"

"Maman Khalil," ta ce tana danne dariya, "ba ki karanta takardar da kika sa wa hannu ba ko? Akwai kyamara."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ta kunna bidiyon, ga ni nan, uwa guda, kumatu cike, ina gadin ƙofa. Sai ta ce, "Bar kallon kanki, kalle shi."

Na kalla. Tun lomar farko idonsa na kan bakina. Da na juya, sai ya miƙa hannu ya ɗauki karas ya ci. Har sau uku. Na huɗun ni ya miƙo wa, ban ma gani ba.

"Yaushe rabon da ki zauna ki ci tare da shi?"

Kullum a tsaye nake a kansa da cokali, nawa abincin sai ya yi barci.

Yanzu faranti ɗaya muke ci, a ƙasa, da hannu. Shi ya ɗan murmure, ni kuwa abayoyina sun fara matse ni. Na koyi karanta takarda kafin in sa hannu. In kuma ya miƙo mini karas ɗinsa duk yawu, bakina nake buɗewa in karɓa.