Kalanda a Jikin Raga

"...lafiya ƙalau, gajiya ta bi lafiya. A'a, wa nake gani? Wa ya ciro mana kalanda daga jikin bango?"

"Tsohuwa, gaisuwa na zo yi, ba faɗa ba."

"Ai na sani, angona. Faɗa kam ba ka iya ba, duniya ta gani a waya."

Ƙarfe biyu da rabi ne na ranar Juma'a, a rumfar atamfa ta kakarmu Hajiya Balaraba, cikin kasuwar Adjamé a Abidjan. Mako uku ke nan da dawowata daga karatu a Tunis, kuma tun da na dawo ban sami abin kallon da ya kai rumfar nan ba. Wanda Hajiya ta kira kalanda ɗan kawuna ne, Sharhabilu. Faɗan keji yake yi, wanda suke ce wa MMA, inda ake haɗa dambe da kokawa a cikin da'irar raga. A karawarsa ta baya abokin faɗansa ya matse shi a jikin ragar, turmi uku cur, yana ɗirka masa gwiwa a haƙarƙari. Da mahaifinsa Alhaji Harouna ya ga bidiyon, sai ya ɗauke jakar kayan faɗan, har da takardar likita a ciki, ya kai wa tasa mahaifiyar, wato Hajiya. Ya ce in Hajiya ta bayar, to. In ta hana, ranar Litinin yaro ya kama aiki a sito a bakin tashar jirgin ruwa, zancen keji ya mutu. Gobe Asabar Sharhabilu ke da sabuwar karawa. Yau ƙarfe huɗu za a rufe awon nauyi a Treichville, kuma ba a hawa sikeli sai da takardar.

"Uwargida, don Allah jakata."

"Wace jaka? Ni atamfa nake sayarwa. In zanen ɗaurawa kake so, ga mai ruwan ganye, zai karɓe ka."

"Hajiya, agogo na tafiya."

"Ya gaida na gaba. Sauri ya haifi nawa. Kai da ka tsaya minti goma sha biyar a wuri ɗaya ko motsi babu, yau kai ne mai gaggawa?"

"Dabara ce! Ina gajiyar da shi ne."

"Da haƙarƙarinka? Allah sarki. Haka turmi ke cewa yana gajiyar da taɓarya."

Masu rumfunan kusa suka kwashe da dariya. Sharhabilu ya duba waya, ya mayar aljihu, ya sake ciro ta.

"Ke da ko hawa matakala sai kin kira sunan Allah sau bakwai, me kika sani game da faɗa?"

"Ina kiran sunan Allah ne don na ga jikokin da ya ba ni. Ka ga tsaka? Ita ma a bango take kwana, amma ko ba komai tana kama sauro. Kai me ka kamo?"

"Na kamo ke. Duk Abidjan wa zai ɗauki tsohuwa mai haƙori huɗu in ba ni ba?"

"Shida ne, maƙaryaci. Kuma duka nawa ne, ba na sa roba a baki don tsoron a zubar min."

Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta nuna wani ƙunshin atamfa da aka ɗaure da igiya a kusurwa.

"Ɗauki. Akwai telan da ke jirana a Treichville. Tunda Allah ya ba ni miji mai ƙaton wuya, bari in ci moriyarsa."

"Jakar fa?"

"In ka kai ni lafiya ma yi magana."

"In tana gida Williamsville fa? Ba za mu dawo kafin huɗu ba!"

"To ka ga sito ya yi sabon ma'aikaci ke nan. Ɗauki, kalanda."

Ya ɗora ƙunshin a ka, yana gunaguni da Faransanci. Na bi su a baya. Muka sami woro-woro, tasin haɗaka, mai zuwa Treichville. Ni na zauna gaba, su a baya, Sharhabilu a jikin ƙofa da ƙunshin a cinya, Hajiya kuwa ta zauna a tsakiya ta jingina masa duk nauyinta. A mahaɗar Indénié motoci suka cushe, ba gaba ba baya. Uku da minti biyar.

"Hajiya, matsa kaɗan, numfashina."

"Ka ga? Ko a mota ma sai ka nemi bango. Kamar a kan ƙusa aka haife ka."

"Ke ce kika danne ni!"

"To ture ni mana."

"In na ture ki ai sai dai a tsince ki a Abobo."

"Abobo ta san ni kafin a haifi ubanka. Shekara talatin da ɗaya ina shiga gbaka, ƙaramar bas ɗin nan, daga can zuwa Adjamé da asuba, da kaya a ka. Ka san Saudatu mai kifi?"

"Ina zan san ƙawayenki? Duk sun riga mu gidan gaskiya."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Tana nan, ta fi ka lafiya. Mace ce kamar buhun shinkafa uku. Kullum a ƙofar gbaka sai ta matse ni a jikin ƙarfe, ta shige, ta bar ni da ƙarnin kifi. Wata shida ina ture ta. Ka san me na samu? Ciwon kafaɗa."

"Yako, tsohuwa, sannu."

"Riƙe yakonka, kai ka fi ni bukata. Ran nan na ce yau ba zan ture ta ba. Wanda ya matse ka, ƙarfinsa duk gaba yake kallo. In ka tura shi, ka ba shi abin jingina. Sai na rage tsawo, na cusa hannu ƙarƙashin hammatarta, na ba ta kwankwaso, na ja ƙafa ɗaya gefe. Ita da kanta ta je ta gaida ƙofar. Har yau in ta gan ni sai ta ce, Balaraba, shige."

Sharhabilu ya yi tsaki.

"Wannan ai kocinmu ya faɗa min sau ɗari."

"Ashe kana da kunne. To me ya hana ka?"

Direba ya danna ham, babu wanda ya motsa.

"In bayana ya taɓa raga," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "zuciya ce ke ɗebe ni. Sai in ji ko zan mutu sai na ture shi."

"Jinin kakanka ke nan, Allah ya jiƙansa. Shi ma ya taɓa yin awa guda yana tura ƙofar da ake ja."

Na waiwaya ina dariya, sai na ga ita ba dariya take ba. Tana kallon titi ta tagar da ke bayansa.

"Sau huɗu na sa aka kunna min bidiyon nan," ta ce. "Ba dukan ne ya hana ni barci ba. Namiji ai yana shan duka. Tsayuwar ce. Na ƙirga gwiwa ashirin da uku, kana tsaye kana turawa kamar mai tura motar da ba ta da taya. Ba zan ba ka jaka ka je a ƙarasa min kai ba."

Direban ya rage rediyo. Hajiya ta yi maza ta ɗora:

"Don in ka mutu wa zai aure ni? Tsofaffin unguwarmu duk ba su da ko sisin goro."

"Ai dama na san ba ƙauna ba ce."

"Wa zai ƙaunaci kalanda? Shekara na ƙarewa ake sauya ta."

Hanya ta buɗe. Muka haye gada, muka sauka Treichville huɗu saura kwata. Gidan horon nasu wani tsohon sito ne, da shingen waya a gabansa. Ta cikin ƙofa ana hango samari tsaye a layi, ba riguna, suna jiran sikeli. Sharhabilu ya dire ƙunshin, yana taka ƙasa kamar ta yi zafi.

"Ina telan? Ina jakar? Hajiya, minti goma sha biyar!"

"Tsaya nan. Juya bayanka ga wayar nan."

"Me za ki..."

Kafin ya rufe baki ta miƙo min mayafinta da carbinta, ta dunƙule, ta shige masa. Gajeruwa ce, saboda haka kanta ya zauna daidai ƙarƙashin haɓarsa, kafaɗarta a ƙirjinsa, gwiwarta tsakanin ƙafafunsa. Shingen ya yi ƙara. Samarin layi suka leƙo.

"Fita," ta ce. "In ka fita, jaka taka ce."

"Hajiya, mutane na kallo!"

"Waccan ranar ma suna kallo. Fita."

Ya ɗaga hannuwa biyu zai dafa kafaɗunta, sai suka tsaya a iska. A gidanmu jika yana iya ce wa kakarsa mai haƙori huɗu a tsakiyar kasuwa, a yi dariya. Amma ya sa hannu ya hankaɗe ta, wannan ko mahaukaci bai yi ba. Hajiya ta san haka sarai. Ta ƙara danna kai.

"Ina ƙarfin? Tura mana, jikan mai tura ƙofa!"

"Wallahi kanki kamar dutsen niƙa."

"Dakon shekara talatin da ɗaya ne. Saura minti nawa, ɗan Tunis?"

"Goma sha ɗaya," na ce.

"Ka ji. Ranar Litinin in za ka sito ka biyo in ba ka gammo."

Gumi ya keto masa. Na ga ƙirjinsa na hawa da sauka, haƙora a cije, hannuwa a sama. Sai kuma na ga ya saki numfashi. Ya lanƙwasa gwiwa, ya rage tsawo. Hannunsa na dama ya silale ƙarƙashin hammatarta a hankali, kamar mai ɗaukar jariri. Ya ba ta kwankwaso, ya ja ƙafar hagu gefe. Nauyin da ta ɗora masa ya rasa wurin zama, ya tafi da ita gaba. Ya juya da ita, tafin hannunsa na hagu a bayanta don kada waya ta taɓa ta. Kafin ka ce kwabo Hajiya Balaraba ce a jikin shinge, kallabinta ya maƙale a waya, Sharhabilu na tsaye a fili.

Samarin suka ɗauki ihu da tafi.

"Wa ya rataye mana sabuwar kalanda?" in ji Sharhabilu, yana haki. "Ta wace shekara ce wannan? Kamar tun kafin a gina gada."

Hajiya ta so ta murtuke, abin ya gagara. Dariya ta ƙwace mata har tana riƙe ciki, haƙoranta shida duka a waje.

"Ɗan banza. Ko Saudatu ba ta juyu da daɗi haka ba. Ciro min kallabina."

"Jakata tukuna. Minti takwas!"

"Kwance ƙunshin."

"Atamfar tela?"

"Wane tela? Ni ina da tela a Treichville?"

Ya tsinke igiyar da haƙori. Atamfa ɗaya ce kawai a nannaɗe, mai ruwan ganye, a cikinta kuma jakarsa. Ya zuge, ya ciro takardar likita, ya tsaya yana kallon kakarsa.

"Tun daga Adjamé a kaina take?"

"A kanka, a cinyarka. Da ka kasa fita, da kai za ka mayar min da ita rumfa a ka, ba ka sani ba. Atamfar kuma na ba ka, ka yafa in za ka shiga gobe, a san mijin wa ne."

Ya durƙusa, ta dafa kansa, bakinta ya motsa da abin da ba mu ji ba. Sannan ta make masa ƙeya.

"Tashi ka hau sikelinsu. Ubanka ka bar ni da shi. Amma ka ji ni da kyau: gobe in na ga ka sake mannewa, da guduma da ƙusa zan zo."

Ya ruga ciki da atamfar a wuya. Hajiya ta karɓi mayafinta, ta dafa kafaɗata, ta ɗan yamutsa fuska.

"Nemo mana mota, ɗan Tunis. Kuma in ka gaya masa bayana ya riƙe, kai ma sai na manna ka."